Kakar Inabi a Duwatsun Al-Khalil

Wanda ya sayi mangwaro ɗanye bai yi asara ba. Ya rufe shi a kwali, ko ya tura shi cikin buhun hatsi, kwana uku huɗu ya nuna ya yi zaƙi. Ayaba ma haka take, tumatir ma haka. Inabi ba shi da wannan hali. Ranar da almakashi ya raba shi da uwarsa, ranar zaƙinsa ya tsaya, abin da ya rage masa sai yaushi da ruɓa. In an yanke shi da wuri, da tsaminsa zai isa kasuwa. In an bar shi ya zarce, tsuntsu da rina da ruwan farko su riga mai gona. Tsakanin biyun 'yan kwanaki ne ƙalilan, kuma a cikinsu ne wahalar shekara guda take zama kuɗi ko ta zama taki.

Zan yi maganar wannan lokaci ne a wuri guda, ƙananan gonakin inabi na duwatsun Al-Khalil, garin Annabi Ibrahim (AS), wanda Turawa ke kira Hebron, a kudancin Gaɓar Yamma da Kogin Jordan. A can ne aka fi ganin yadda sa'o'i kaɗan suke yanke wa manomi hukunci, da kuma dabarar da mutanen wurin suka gada ta ƙwato waɗannan sa'o'i daga hannun wanda ya riƙe su.

Al-Khalil gari ne na kan tudu, tsayinsa daga teku mita 900 zuwa 1,000. A Halhul, arewa da shi kaɗan, dutsen Nabi Yunus yake, wanda ya fi ko'ina tsayi a Gaɓar Yamma. Yanayinsu kishiyar namu ne. Ruwan sama da sanyi tare suke zuwa, daga Nuwamba zuwa Maris, wata shekarar har da dusar ƙanƙara. Daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba kuwa da wuya ɗigo ya sauka. Ke nan inabi yana fure, ya yi 'ya'ya, ya nuna, duk a cikin rani. Yawancin tsofaffin gonakin ba a ba su ruwa. Kurangar tana tura saiwarta cikin tsagar farin dutse ta sha abin da damina ta ajiye, da dare kuma iskar yamma ta kawo raɓa daga Bahar Rum. Rana mai zafi tana tara zaƙi, dare mai sanyi yana hana ɗan tsamin da ke ba inabi armashi ƙonewa gaba ɗaya. Gangaren tudu an yanka shi hawa-hawa, an jera duwatsu ba siminti don su riƙe ƙasa da ruwa. Irin wannan aiki ne ya sa hukumar UNESCO ta sa ƙauyen Battir, can arewa kusa da Baitalami, cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, da laƙabin ƙasar zaitun da inabi.

Sana'ar ta daɗe. A Attaura, cikin Littafin Ƙidaya, 'yan leƙen asirin da Annabi Musa (AS) ya aika sun yanko nonon inabi guda a wani kwari kusa da Hebron, sai da mutum biyu suka ɗauko shi a sanda. Al-Maƙdisi, masanin ƙasashe ɗan Ƙudus da ya yi rubutu wajen shekarar 985, ya ce kewayen garin duk ƙauyuka ne da gonakin inabi da tuffa, ana kai amfaninsu Masar, ya kuma lissafa zabibin Dura da na Bait Ainun, garuruwa biyu na kusa da Al-Khalil, cikin kayan da ƙasar ta yi suna da su. Nasir Khusraw, matafiyi ɗan Farisa, ya zo a 1047, ya tarar ana ba kowane baƙo a makwancin Annabi Ibrahim gurasa da kwanon waken adas da man zaitun, da zabibi. Mai karatu ya lura da zabibin nan da ke ta dawowa. Abin da yake yin nisa a zamanin raƙumi, busasshe ne ko dafaffe.

Gona a can da dunum ake aunawa, murabba'in mita 1,000, wato kashi ɗaya cikin goma na hekta. Iyalai da yawa 'yan dunum kaɗan gare su, rabon gado ya daddatsa. A cikin wannan ɗan fili za ka ga iri-iri: dabuƙi fari mai yawan ruwa da zaƙi, zaini mai doguwar ƙwaya, jandali, hamdani, bairuti, sai halawani ja mai tauri da shami, waɗanda ke zuwa a ƙarshe. Manomi yana gauraya su ne don kada komai ya nuna masa a mako guda, kakar ta miƙe daga Agusta har Nuwamba. Tsohon salo shi ne a bar kuranga ta kwanta a ƙasa, a tokare rassanta da sanda mai baki biyu. Sabon salo rumfa ce ta ƙarfe da waya, inabi yana reto a sama da kai. Rumfa ta fi ba da amfani, ta fi cin jari. Tun kafin 'ya'ya ma akwai kuɗin ganye, wanda ake tsinka yana ɗanye sharaf a bazara, ana naɗe shinkafa da nama a ciki.

Da farko ƙwayar kore ce shar, ga tauri, ga tsamin da ke kashe haƙori. Larabawa hisrim suke ce mata, suna matse ta a miya kamar lemun tsami. Ɗaliban nahawu za su tuna maganar da aka ce Abu Ali Al-Farisi ya faɗa wa Ibn Jinni da ya tarar da shi yana karantarwa tun da ƙuruciya, cewa ya zama zabibi tun bai zama hisrim ba. Sai wata rana ƙwayar ta fara laushi. Baƙin iri ya soma ɗaukar launi, farin ya koma garai-garai kamar ana hango cikinsa. Daga nan ganye ya shiga tura sukari cikin 'ya'ya. Tsami iri biyu ne a ciki. Ɗaya irin na tuffa ne, shi zafin rana yake cinyewa a hankali. Ɗayan irin wanda ke cikin tsamiya ne, shi kuwa yana nan daram, kuma za mu sake haɗuwa da shi a bakin murhu. Daga wannan canji zuwa yanka wata ɗaya da rabi ne zuwa biyu.

Shari'a ta san wannan gaɓa. An ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah (SAW) ya hana sayar da inabi sai ya yi baƙi, wato sai kyansa ya bayyana. Duk wanda ya taɓa noma ya san hikimar, don kafin nan ba mai iya cewa ga abin da gonar za ta bayar. A lokacin ne kuma malaman Malikiyya suka ce mai kiyasi ya zo ya ƙiyasta zakka tun inabi yana kan uwarsa, ya lissafa nawa zai zama in ya bushe ya koma zabibi. Dabino da inabi kaɗai ake yi wa haka. A daidai wannan lokacin ɗan kasuwa ma yake zagayowa ya taya gonar a tsaye, kamar yadda ake sayen lambun mangwaro tun yana bisa. Manomin da bashi ya sha wa kai, ko wanda ba shi da masu taya shi aiki, yakan sallama. Ya huta da fargaba, amma ribar makonnin ƙarshe ta tafi aljihun wani.

Wanda ya riƙe gonarsa, sai ido da harshe. Ba ya tsayawa a ƙwayar saman nono, wadda rana ta fi samu. Ta can ƙasa yake cirowa, don ita ke nuna a ƙarshe. Ya fasa ta ya duba ƙwallon: in kore ne da saura, in ya yi ruwan ƙasa yana ƙaras a haƙori an kusa. Masu hali suna da 'yar na'urar da ake ɗiga wa ruwan a leƙa ta wajen haske, ta nuna sukari kashi nawa ne cikin ɗari. Na ci yakan isa a 16 zuwa 18. Na tukunya ana so ya haura 20, saboda duk zaƙin da rana ta ƙara, itacen wuta aka rage. Sai dai kowane kwana da aka ƙara, an ƙara wa ɓarna dama. Ga tsuntsaye, ga rina, ga tsutsar da ke huda ƙwaya ta buɗe wa ruɓa ƙofa, ga farar fumfunar da ake yaƙa da garin farar wuta tun bazara. Babban abin tsoro shi ne ruwan Oktoba. Saiwa ta sha, ƙwaya ta kumbura, fata ta tsage, cikin kwana biyu uku ruɓa ya bi nono gaba ɗaya.

Bayan sallar asuba ake fita, tun ganye yana da sanyi. Inabin da aka yanka da safe ya fi na azahar jimiri, don zafin da ya shiga ƙwaya a gona tare da ita yake shiga akwati. Mai yanka ta sanda yake kama nonon, ba ya damƙar 'ya'yan. Akwai wata farar hoda a jikin fatar, kamar hazo ya sauka a kanta. Kaki ne da itacen ke yi don tsare ruwa, kuma da ita mai saye yake gane inabin da hannu bai wahalar ba. A ɗaga nonon a juya shi, a sa bakin almakashi a cire wadda tsuntsu ya tsaga, da wadda ta yanƙwane, da 'yar mitsitsiyar da ta ƙi girma, sannan a kwantar da shi a kan ganye cikin akwati. Fasasshiyar ƙwaya ɗaya in ta ɓuya a tsakiya, ruwanta ya jiƙa maƙwabtanta, kafin gobe akwatin ya fara tsami. A ƙarƙashin rumfa wuya ne ke ciwo, don kai a ɗage yake wuni. A gonar ƙasa kuwa ƙugu ne. Yara su ke jigila zuwa bakin hanya. A da iyali kan tare a gona ɗungurungum, su kwana a 'yan hasumiyoyin dutse da ake kira ƙasr ko mintar, suna gadi suna shanya. Har yau ana ganin kangayensu a kan tuddai.

Da an rufe akwati tsere ya fara. Sandar nonon ita ce mai tona asiri. Kore ce da safe, in ta yi kwana biyu uku cikin zafi ta bushe ta yi duhu, 'ya'ya su fara zubewa, farashi ya bi su. Manyan gonakin Chile da Afirka ta Kudu sun magance wannan da ɗakin sanyi. Cikin 'yan sa'o'i a sauke zafin inabi zuwa kusan sifiri, a sa masa takardar da ke fitar da hayaƙin farar wuta, ya yi makonni a jirgin ruwa bai san an yi ba. Mai dunum biyar ba shi da wannan. Abin da yake da shi mota ce da hanya.

Hanyar kuwa ba a hannunsa take ba. Yarjejeniyar Oslo ta biyu, wadda Isra'ila da Falasɗinawa suka ƙulla a 1995, ta raba Gaɓar Yamma gida uku. Na ukun, yankin C, kimanin kashi 60 cikin ɗari ne na ƙasar, yana ƙarƙashin ikon Isra'ila kacokan, kuma mafi yawan filin noma a cikinsa yake. Babbar hanya mai lamba 60, da ta haɗa Al-Khalil da Baitalami da Ƙudus, ta gefen gonakin Halhul da Beit Ummar ta ratsa, kuma hanyoyin da ke fitowa daga garuruwan zuwa kanta suna da ƙofofin ƙarfe da soja ke rufewa in ya ga dama. Matsugunan 'yan kama-wuri-zauna irin Kiryat Arba a gabashin birni, da Karmei Tzur tsakanin Halhul da Beit Ummar, a tsakiyar ƙasar inabi aka kafa su. Gonar da ta yi iyaka da shingensu sau da yawa ba a shigarta sai da izinin soja, a ranakun da sojan ya zaɓa. Inabi kuwa bai san ranar izini ba.

Kasuwa ma ta ƙanƙance. Tsohuwar kasuwar sarin kayan lambu ta cikin birni, sojoji suka rufe ta bayan kisan masallata 29 a Masallacin Ibrahim a Fabrairun 1994, ba a sake buɗe ta ba. Ƙudus da Gaza, waɗanda a da suke shanye inabin Al-Khalil mai yawa, hanyarsu ta yi ta tsukewa tun boren Falasɗinawa na shekarar 2000, ta Gaza ta ƙara toshewa da ƙawanyar 2007, tun Oktoban 2023 kuma rufe ƙofofi ya ƙaru a ko'ina. A lokaci guda inabin gonakin Isra'ila masu ban-ruwa yana shigowa kasuwannin Falasɗinawa cikin sauƙi, kuma yakan riga na tudu nuna. Sai a wayi gari a tsakiyar Satumba kowa ya kawo nasa kasuwa ɗaya a mako ɗaya. Wanda ya taɓa ganin kwandunan tumatir jere a Kadawa lokacin da ya yi yawa, ya san fuskar mai kaya in dillali ya taya ya juya baya.

A nan tukunya take shigowa. Abin da kasuwa ta ƙi, da wanda dama aka bari ya cika zaƙi, musamman dabuƙi, dibis ake mayar da shi, wato maɗin inabi mai kauri kamar zuma.

A wanke inabin a zuba a buhu, a barbaɗa masa wata farar ƙasa mai laushi da ake haƙowa a jikin tudu, sunanta huwwar, sannan a hau takawa da takalmin roba mai tsabta, ko a sa a matsi na ƙarfe. Kakanninsu a jikin dutse suka sassaƙa wurin aikin: faffaɗan daɓe na takawa, ɗan magudani, da rami a ƙasa inda ruwa ke taruwa. Irin waɗannan ramuka birjik suke a tuddan Falasɗinu, wasu sun haura shekara dubu biyu. Ruwan da ke fitowa a gurɓace yake, ƙasa-ƙasa, yana kumfa, ƙudan zuma da rina suna shawagi a kansa.

Farar ƙasar nan alli ce. Uwargidan da ke jefa 'yar kanwa a miyar yakuwa don ta kashe tsami ta riga ta san aikinta. Allin yana kama tsamin nan irin na tsamiya, su haɗu su zama gari mai nauyi, ya kwanta a gindi ya ja dattin ruwan ya tafi da shi. In ba a sa ba, tsamin da ke baje cikin ruwa mai yawa zai taru a ɗan abin da ya rage bayan dahuwa, maɗin ya fito da kaifi. In ta yi yawa ya fito salam, da ɗanɗanon ƙasa. Manoman Turkiyya ma haka suke yi wa nasu da suke kira pekmez.

Abin da ba a yi shi ne a matse a ce sai an huta. A jikin fatar inabi, da buhun, da ƙafar rina, akwai yis, ƙwayar halittar nan da ke sa ƙullu ya tashi. Muddin fata ba ta fashe ba, bai kai ga sukari ba. Da an fasa ta ya samu abinci, kuma cikin zafin Satumba kwana ɗaya zuwa biyu ya isa ruwan ya fara tafasa ba wuta, sukari yana komawa barasa da iska. Nan ne hanya ta rabu biyu. Mai yin giya a daidai nan yake janye hannu ya bar ruwan ya yi aikinsa. A Cremisan, gidan 'yan zuhudun Kirista kusa da Beit Jala, tun 1885 ake yin haka, a yau har da dabuƙi da jandali da hamdanin nan. Manomin Al-Khalil, yankin da kusan kowa Musulmi ne, wuta yake hurawa kafin ruwan ya kwana.

Dahuwa biyu ce. Ta farko gajeriya: a tafasa, a kwashe kumfa, a sauke, a bar shi ya kwanta har ya yi garau, a tsiyaye na sama a tace da ƙyalle. Tafasar nan ta kashe yis, ta ba masu aiki damar runtsawa. Ta biyu ita ce doguwa. Ƙatuwar tukunyar tagulla mai faɗin baki, wadda ta fi ƙarfin mutum ɗaya, a girka ta a murhun duwatsu, a hura mata rassan inabin da aka datse tun hunturu aka tara saboda wannan rana. Sa'o'i ne masu yawa, wani sa'in har gari ya waye. Mutum yana tsaye da dogon ludayi yana kwashe kumfa, yana ɗebowa ya zubo daga sama don tururi ya fita. Hayaƙi ya cika ido, ƙamshi ya cika unguwa. Launi ya tashi daga ruwan ɗorawa ya koma na zuma, ya koma ja mai duhu. Ƙarshen ne mai hatsari. Da ruwa ya ragu, zafin ya haura na tafasar ruwa, kumfa ta zama ƙanana tana hawa baki, sakacin 'yan mintuna ya isa gindi ya kama, ɗacin ƙuna ya bi tukunyar duka. A nan ake janye itace a bar garwashi, a nan ne kuma tsohuwar gidan take matsowa. Ta ɗiga a faranti mai sanyi, ta karkata shi, ta ja yatsa a tsakiya ta ga ko hanyar za ta rufe.

Yatsan nan yana da tarihi, kuma yana cikin littafin da ake karantawa a zaurukanmu. A Muwaɗɗa ta Imam Malik, a babin abubuwan sha, Mahmud bn Labid ya ba da labarin zuwan Sayyidina Umar Sham. Mutanen ƙasar suka kai masa kukan annoba da nauyin ƙasarsu, suka ce ba abin da ke gyara musu jiki sai wani abin shansu na ruwan inabi. Ya ce su sha zuma, suka ce zuma ba ta yi musu. Sai wani mutumin wurin ya tambaye shi ko a yi masa wani abu daga ruwan nan wanda ba ya bugarwa. Ya yarda. Suka dafa shi har kashi biyu cikin uku ya tafi, ɗaya ya rage. Umar ya tsoma yatsa ya ɗaga, abin ya biyo hannunsa yana jan zare. Ya kamanta shi da kwaltar da ake shafa wa raƙuma, ya ce su sha. Ubada bn Samit ya ce masa ai ya halatta giya ke nan. Umar ya rantse a'a, ya ce ba ya halatta musu abin da Allah Ya haramta, ba ya haramta musu abin da Ya halatta.

Duk sa'ad da na karanta wannan, lissafin ne yake burge ni. Ruwan da sukarinsa kashi 21 ne ko 22 cikin ɗari, in aka ƙone kashi biyu cikin uku, abin da ya rage sukarinsa ya haura 60. A irin wannan kauri yis ba ya iya aiki, don sukarin tsotse ruwan jikinsa yake yi. Dalilin da ya sa zuma ke daɗewa ke nan. Iyakar da aka ja a Sham a ƙarni na bakwai da ido da yatsa, kusan ita ce masu ilmin abinci suke ja yau da na'ura. Dibis na yanzu ma wuce nan ake yi da shi, zuwa wajen kashi 70.

Ba duk ruwan ake kai wa wannan kauri ba. Wani ana dama shi da garin alkama yana kan wuta, a zuba 'ya'yan wani itacen daji da ake kira ƙuraish, a shimfiɗa shi siriri a kan ƙyalle a soron gida. Bayan 'yan kwanaki a jiƙa bayan ƙyallen a ɓare shi kamar fata a naɗe. Shi ne malban. Na zabibi kuma ana tsoma nonon cikin ruwan toka da ɗan man zaitun kafin a shanya, don ruwan tokar ya fasa kakin nan na jikin fata, bushewa ta yi sauri. Kilo huɗu na ɗanye yakan ba da kimanin ɗaya.

Lissafin dibis ga yadda yake. Kilo 100 na inabi yana ba da ruwa kilo 70 zuwa 75. In sukari kashi 20 ne, kilo 14 zuwa 15 ke nan na sukari, wanda a kaurin kashi 70 zai ba da dibis kilo 20 ko ɗan sama. Biyar ta koma ɗaya. A cire itace, a cire buhu da tulu, sannan a tuna da kwana biyu na aikin gida guda, mafi yawansa na mata, wanda ba wanda yake sa shi a lissafi. Shi ya sa ba na cikin masu ganin hoton tukunyar nan su tsaya a cewa al'ada ce mai ban sha'awa. Shekarar da hayaƙi ya yi yawa a Halhul, sau da yawa shekarar da kasuwa ta mutu ce. Zaini ko halawanin da aka yi wa hidima wata shida don ya hau faranti, in ya ƙare a buhu ana taka shi, asara ce ko da an sa mata suna dibis.

Amma abin da tukunyar ke bayarwa ba ƙarami ba ne. Dibis yana shekara a tulu ba firiji ba lantarki. In an rufe ƙofar gari mako guda, yana nan yadda yake. Ba a Satumba ake neman sa ba, sai sanyi ya shigo. Mai akwatin inabi in an taya, ba shi da amsa sai na sallama, don gobe kayan ba nasa ba ne, na ƙuda ne. Mai tulu yana iya cewa albarka, ya koma gida da kayansa. Wata ƙungiyar manoma a Halhul mai suna Al-Sanabel ta bi wannan tunani ta wata hanya: tana matse inabin mambobinta, ta dumama ruwan iya yadda zai kashe yis, ta rufe a kwalba, a sayar da shi a hankali cikin shekara. Masu noman inabi na Hunƙuyi a jihar Kaduna, duk da bambancin yanayi, ƙwayar da ba ta jira ɗin nan ce a hannunsu, kuma ina ganin tambayar me za a yi da wanda ya rage ranar kasuwa za ta same su kamar yadda ta sami waɗancan.

Akwai wata tambaya da ɗan kasuwa zai yi. In lissafin ya ƙi fita shekara da shekaru, me ya hana a bar gonar a nemi wani aiki? Wasu sun bari. Amma ga mai gona a yankin C barin yana da wani nauyi dabam. Dokar filaye ta Daular Usmaniyya, ta 1858, ta ce ƙasar noma da aka bari shekara uku a jere ba a noma ba, ba da uzuri ba, tana iya komawa hannun hukuma. Daga ƙarshen shekarun 1970 Isra'ila ta riƙa dogara da wannan doka tana ayyana filaye a matsayin ƙasar gwamnati, musamman inda ba a kammala rajista ba, kuma ita ce ta dakatar da rajistar a 1968. Hoton da aka ɗauka daga sama, wanda ya nuna an noma ko ba a noma ba, yana iya zama hujja. Kurangar da ta mutu ko aka tuge, sabuwarta sai ta shekara uku zuwa huɗu kafin ta ba da abin kirki. Don haka mutum yakan yi huɗa, ya yi feshi, ya yanka, ko da ya san kuɗin akwati ba zai dawo ba, saboda koren ganyen nan shaida ne cewa gonar tana da mai ita.

A Janairu da Fabrairu kuranga tsirara take, ba ganye ko ɗaya, ƙasa a jiƙe, iska tana yanka kunne. Da safe a gida ana zuba dibis a kwano, a kwarara masa markaɗaɗɗen riɗi a sama, a dangwala da gurasa mai zafi. Ranar da dusar ƙanƙara ta sauka, yara su ɗebo mai tsabta su zuba masa su sha. Daga nan mai gona ya ɗauki almakashi, in ƙofa a buɗe take. Yana datse kusan duk rassan bara, ya bar 'yan idanu kaɗan a kowane hannu, don a kan sabon reshe inabi yake fitowa. Rassan da ya datse ba ya ƙone su a wurin. Ɗaure su yake yi dami-dami, ya jingina a jikin katangar dutse su bushe kafin Satumba.